Gwajin bin sawu na karnuka: abin da ake yi a filin, da inda mutum zai fara

Tambayar da aka yi ita ce: "Kulob ɗin masu karnuka da ke kusa da mu sun fitar da sanarwa wai za su yi gwajin bin sawu. Karena bai fi shekara ɗaya ba, kuma duk inda muka fita hancinsa na ƙasa yana ta shinshine-shinshine. Wai me ake yi a gwajin nan, kuma zan iya kai shi haka nan ko sai an yi masa turenin tukuna?"

Toh ɗan'uwa, kar ka kai shi haka nan. Kai dai ka je ka yi kallo, ka bar shi a gida, gani ya kori ji. Kuma in kulob ɗin naku da dokokin AKC, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, suke aiki, ko ka so ma ba za su karɓi fom ɗinka ba, don kafin kare ya shiga matakin farko sai wani alƙalin bin sawu ya fita da ku fili ya gwada shi a kan sawu irin na gwajin, in ya ci ya rubuta maka takardar shaida, ita zaka haɗa da fom ɗin. Ba don wulaƙanci suka sa wannan sharaɗin ba, fili ne yake da wahalar samu, kowane kare ɗaya sai an ware masa nasa yankin da ba wanda ya taka, shi ya sa guraben ba su da yawa, sau da yawa ma sai an yi ƙuri'a tsakanin waɗanda suka nema, kaga ba za a so a ɓata gurbi a kan karen da bai shirya ba.

Batun hancinsa na ƙasa kuwa, ai kowane kare haka yake. Yana duba wa ya wuce ne, kyanwa ce ko zomo ko wata karya, ya ɗan shinshina wannan ya koma wancan. Abin da ake nema a gwajin daban ne, a nuna masa warin mutum ɗaya tak, ya riƙe shi, ya bi shi har ƙarshe duk da sauran warin da suka fi daɗi suna ta kiransa a hanya. Hanci kam yana da shi tun daga haihuwa, ba kai zaka koya masa shinshina ba, abin da zaka koya masa shi ne wanne zai bi kuma me zai samu in ya bi.

Bari in ɗauki tsarin na AKC tunda shi na fi sabawa da shi. Matakin farko suna kiransa TD. Tsawon sawun yadi 440 zuwa 500 ne, wajen mita 400 zuwa 460 kenan, da kwana 3 zuwa 5, kuma kowane miƙe tsakanin kwana da kwana bai gaza yadi 50 ba. Ana gobe gwaji alƙalai biyu za su fita da mutumin da zai taka sawun, su tsara hanyar, su kakkafa tutoci, kowa ya zana taswirarsa. Washegari da safe mutumin zai dawo shi kaɗai ya bi hanyar da tafiyarsa ta yau da kullum, ba jan ƙafa ba dirkawa, yana tafe yana cire tutocin, guda biyu kawai zai bari, ta farko inda ake farawa da ta biyu yadi 30 a gaba wadda take nuna maka inda sawun ya dosa. A gindin tutar farko zai ajiye wani ƙyalle mai ɗauke da warinsa, a ƙarshe kuma ya yar da safar hannu ko walat, ya fice daga filin. Sai an bar sawun ya sha iska aƙalla minti 30, kar kuma ya wuce awa 2, sannan a kira ku. Karen dole ya kai wata 6, dole a sa masa ɗamarar nan ta ƙirji ba abin wuya za a ɗaura igiyar ba, igiyar kuma tsawonta ƙafa 20 zuwa 40, kai kana baya da aƙalla ƙafa 20, alƙalan suna bayanka suna kallo. Babu abinci babu ƙwallo a kan sawun ranar. Babu maki, babu na ɗaya babu na biyu, ko dai ya kai ka ga safar hannun ka ɗaga ta sama alƙalai su gani, ko kuma ka ji an busa usur, shikenan kun faɗi. Sau ɗaya in ya ci ya samu lambar. Kuma ba a ƙayyade lokaci ba, muddin alƙalai sun ga karen aiki yake yi ba yawo ba za su ƙyale shi.

Wannan na rashin gasa shi ne abin da ya fi burge ni a harkar, zaka ga mutumin da karensa ya faɗi da safe ya tsaya a bakin fili yana ta addu'a na wani ya ci, don cin naka bai rage masa komai ba.

Yanzu me karen yake bi a zahiri, tunda ba abin da ido ke gani a ciyawar? Abu biyu ne a cakuɗe. Akwai warin mutumin kansa, jikin ɗan Adam kullum yana zubar da ƴan ɓarɓashin fata da ido ba ya gani, ga gumi ga numfashi ga warin takalmi da tufafi. Sannan akwai warin ƙasar da aka taka, ciyawar da ta murƙushe tana fitar da ruwanta, ƙasar da aka fasa mata fuska tana sakin danshi, ƙananan halittun cikinta suna ta aiki a kan abin da aka murƙushe. Na farkon iska ke wasa da shi, yana tafiya kamar hayaƙin murhu, ya gangara inda ƙasa ta yi kwari, ya taru a jikin shinge ko gindin bishiya ko inda ke da inuwa, na biyun kuma yana nan daram inda ƙafa ta sauka. Shi ya sa in iska na bugowa daga hagu zaka ga sabon kare yana tafiya taku biyu ko uku a dama da ainihin sawun, shi a wurinsa daidai yake, warin can ya koma. Masu turenin da yawa suna lura cewa in sawu ya kai wajen minti 45 zuwa awa ɗaya karnukan da ke koyo sukan rikice na ɗan lokaci, kamar sun manta aikin, sai an haƙura an ja da baya kaɗan sannan su wuce wurin, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne a lokacin ne warin sama-saman yake bajewa dole kare ya koma dogara da na ƙasa.

Hancin nasu kuwa ba a magana. Ƙwayoyin jin wari a hancin kare sun kai miliyan 200 zuwa 300 gwargwadon irinsa, namu ƴan Adam bai wuce miliyan 5 zuwa 6 ba. In yana aiki yakan shaƙa wajen sau 5 a daƙiƙa ɗaya, kuma ka duba gefen hancinsa da kyau zaka ga wata ƴar tsaga, ta nan iskar da ya fitar take bi ta gefe don kar ta kore warin da ke gabansa. A 2005 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Queen's da ke Belfast, Peter Hepper da Deborah Wells, sun gwada ko taku nawa kare ke buƙata kafin ya gane ina mutum ya nufa, suka samu taku 5 ya ishe shi, 3 kuma bai isa ba. Ka yi tunanin wannan, tsakanin takun farko da na biyar ai daƙiƙu kaɗan ne, amma hancin yana iya banbance wanne ya fi sabunta. Sai dai akwai abu ɗaya da ke kashe duk wannan baiwar, haki. Karen da ya buɗe baki yana haki don zafi ba zai iya shinshina yadda ya kamata ba, iskar ta baki take bi. Don haka ruwa a jakarka dole ne, kuma dokar ta yarda ka tsaya ka ba shi a tsakiyar sawu. Safiya mai raɓa da ƴar iska kaɗan ita ce aljannar mai bin sawu, rana tsaka a busasshen fili kuwa ko gwanin kare sai ya sha wuya. Yayyafi ba ya wanke sawu yadda mutane suke zato, sau da yawa ma taso da warin yake yi.

Inda nake so ka fi maida hankali shi ne kai kanka, don wallahi yawancin usur ɗin da na ji an busa a fili ba laifin kare bane, na mai riƙe da igiya ne. Wannan kusan shi ne wasa ɗaya da kare ya san amsa kai baka sani ba, kuma mutane ba sa son haka, mun saba mu ce zauna ya zauna, zo ya zo. Ga yadda abin yake faruwa. Kare na tafe igiya a miƙe, kansa a ƙasa, jelarsa na kaɗawa a hankali iri ɗaya, kana jin nauyinsa a tafin hannunka. Kwatsam sai kan ya ɗago, igiyar ta yi sanyi, jelar ta canza, ya fara waige. Wannan yana gaya maka ne wari ya ƙare, mun wuce kwana. Abin da ya kamata ka yi shi ne ka tsaya cak inda kake, ka riƙa tattara igiyar a hannu kar ta naɗe masa ƙafa, ka bar shi ya zagaya ya duba hagu ya duba dama, in ya zagayo ta bayanka ka ɗaga igiyar sama ta wuce kanka ka juya a hankali, in ka ga alamar kun zarce da yawa ka ɗan ja da baya taku kaɗan don ya samu damar komawa inda ya rabu da warin. Sai ka ga kan ya faɗi ƙasa, kafaɗun sun shiga cikin ɗamarar, ya ja da ƙarfi irin jan da ba shakka a cikinsa, nan ne zaka saki igiyar ta zare ta cikin yatsunka har ta kai tazarar ƙafa 20 ɗin nan, sannan ka ɗaga ƙafa. Sabon shiga me yake yi? Yana ganin kare ya ɗago kai sai gabansa ya faɗi, ya cigaba da takawa a bayansa yana tura shi gaba gaba har su yi nisa da kwanar, ko kuma ya riga ya yanke a ransa ai hagu sawun ya yi tunda dama akwai shinge, kare ya ja dama sau uku yana hana shi, a na huɗu karen ya haƙura ya bi son ran ubangidansa, sai usur. Kuma ko ba ka faɗi ta nan ba, in alƙalai suka ga kana jan kare ko kana nuna masa hanya da jikinka, wannan kaɗai ya isa su fitar da ku.

Yadda zaka fara a aikace ba wuya. Samu fili mai gajeriyar ciyawa wanda ba a cika takawa ba, da sassafe. Ɗaure karen inda zai hango ka. Kafa ƴar tuta, ka tattaka wurin da ke gefenta kamar faɗin tabarma ƙarama, ka watsa ƴan gutsattsarin abinci mai laushi wanda zai haɗiye ba sai ya tsaya tauna ba, sannan ka miƙe taku 10 zuwa 20 ƙafa kusa da ƙafa, kana sa gutsure a cikin sawun, a ƙarshe ka ajiye tsohuwar safar hannu da abinci mai ɗan yawa a kanta. Kar ka dawo ta kan sawun, yi tsalle gefe ka zagayo nesa. Ni na fi son iska ta kasance a bayanmu a farkon nan, don in tana bugo fuskarsa zai ɗaga kai ya jiyo safar daga nesa ya ruga, ya koyi cewa ba sai ya sa hanci ƙasa ba, wasu masu turenin kuma da gangan suke fara wa da iska a gaba don kare ya samu sauƙi, kowa da nasa, amma gyaran karen da ya saba ɗaga kai ya fi wuya. Sa masa ɗamarar a gindin tuta kawai, ka cire da an gama, da kansa zai gane in an sa wannan aiki za a yi. Ya zo da ƴar yunwa, ba ƙoshe ba.

Daga nan sai ƙari, amma abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka ƙara tsawo kar ka ƙara daɗewa, in ka sa kwana ta farko ka rage tsawo, abincin kuma ka riƙa nisanta shi a hankali har ya zama sai a safar hannu kaɗai. Kuma dole ka san ainihin inda ka taka, wannan mutane suna raina shi, fili in ka juyo duk iri ɗaya ne. Kafin ka miƙe ka zaɓi abu biyu da suka yi layi a gabanka, misali wata bishiya da turken wuta a can bayanta, ka rubuta a ɗan littafi, kwanar ma ka lura da wani abu a ƙasa kusa da ita. In baka san inda sawun yake ba zaka gyara wa kare abin da yake daidai, ka yabe shi a kan kuskure. Abin da zai yi in ya samu safar, ko ya kwanta ko ya zauna ko ya ɗauko, wannan a gida ake koyar da shi daban, don akwai karnukan da suka bi yadi 500 tsaf suka taka safar hannun suka wuce ko kallonta ba su yi ba, kuma faɗuwa ce. In ya fara ƙwarewa sai ka nemi wani ya riƙa taka muku sawun, da farko ya gaya maka hanyar, daga baya ya yi shiru ya bi ku a baya, a irin wannan ne kai zaka koyi karatun karenka. Yawanci wata da watanni ake ɗauka kafin a kai ga neman takardar shaida, ya danganta da sau nawa kuke fita. Bayan kowane fita ka duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska da ƙaiƙayin ciyawa.

Irin karen kuwa kar ya dame ka. Bloodhound da Beagle da karen nan na Jamus da ƴan sanda ke amfani da shi sun yi suna, amma ƙananan karnukan cikin ɗaki ma suna cin wannan lambar, illa dai doguwar ciyawa tana ba su wahala. In naka gauraye ne ba shi da takardar asali ka tambayi sakataren gwajin ko suna karɓa da kuma irin rajistar da ake buƙata.

Matakan gaba a taƙaice. TDX, wanda aka fara a 1980, yadi 800 zuwa 1000 ne, kwana 5 zuwa 7, sawun ya yi awa 3 zuwa 5, tuta ɗaya ce kawai ba mai nuna maka ina aka dosa, kayan da ake yar wa kare 4 ne ɗaya a farko uku a hanya, akwai shinge ko rafi ko titi ko kurmi da za a ƙetare, sannan da gangan ake sa wasu mutum biyu su ratsa sawun a wuri biyu bayan an taka shi, nasu ya fi sabo, a ga ko kare zai yaudaru. VST kuma da ya zo a 1995 na cikin gari ne, yadi 600 zuwa 800, ana bi ta kan ciyawa da kwalta da kankare da tsakuwa, a harabar makaranta ko wurin ajiye motoci inda jama'a ke ta wucewa, kayan kuma ɗaya na fata ɗaya na roba ɗaya na ƙarfe ɗaya na ƙyalle, kuma dole akwai kwana a inda babu ciyawa ko ɗaya, nan ne mafi yawa suke faɗuwa don babu abin da aka murƙushe, sai warin mutumin tsagwaronsa da ya maƙale a tsagar siminti da gefen gini. Akwai kuma TDU, ƙaramin na cikin gari mai daidai da TD. Karen da ya haɗa matakin farko da TDX da VST shi ake ba CT, zakaran bin sawu, kuma ba su da yawa.

In kuwa kulob ɗin naku tsarin Turai suke bi, wato IGP da ke ƙarƙashin FCI, ƙungiyar masu karnuka ta ƙasa da ƙasa, wanda a da ake kira Schutzhund, to lissafin ya canza. Can maki ake bayarwa cikin 100, sai ka samu 70 ka tsira, igiyar a manyan matakai mita 10 ce, a matakin farko kai da kanka zaka taka sawun kuma gajere ne, amma ana so kare ya tafi a natse hancinsa cikin kowane taku, in ya ɗaga kai ko ya zarce kwana ko ya yi sauri a rage maki. Karen da zai ci TD cikin sauƙi yana iya zubar da maki sosai a can. A Ingila kuma bin sawu wani ɓangare ne na gwajin karnukan aiki da ƙungiyarsu ta ƙasa ke shiryawa, haɗe da tsalle da biyayya da neman ƙananan kaya a cikin wani fili da aka shata. Don haka abu na farko da zaka tambaya shi ne dokar wa suke bi, kafin ka fara turenin, don salon da ka ɗora kare a kai tun farko shi zai riƙe.

Ranar da zaka je kallon, ka isa da wuri kafin a yi ƙuri'ar wa zai fara, ka sa takalmin da ba ya jin raɓa, ka tsaya inda aka ce ƴan kallo su tsaya kar ka taka ko'ina a filin don baka san inda sawun wani ya bi ba, kuma ka yi shiru in kare na aiki. Kar ka kalli karen kaɗai, kalli hannun mai igiyar da ƙafafunsa a kowace kwana. In aka busa wa wani usur kar ka tafi, yawanci ana barin mutumin da ya taka sawun ya raka su su ƙarasa don kare ya samu safarsa, a nan zaka ga ainihin inda kwanar take da inda suka rabu da ita. In an tashi ka samu sakataren ka ce kana so a koya maka taka sawu a gwaji na gaba, kullum suna neman mutane, kuma kwana biyun da zaka yi kana bin alƙalai suna tsara hanya suna faɗin dalilin da ya sa suka sa kwana nan ba can ba zai fi maka wata guda kana fita kai kaɗai. A cikinsu ne kuma zaka samu wanda zai riƙa taka wa karenka sawu kai ma kana taka wa nasa.